Ɗamarar ƙarfe a tayar karaban: kariya ce ko ɓarnar kuɗi?

Da zarar an ba ƴan makaranta babban hutu a watan Yuli, manyan hanyoyin Ingila da Faransa da Jamus kan cika da motoci masu jan wani farin ɗaki a bayansu. Ɗaki ne sosai, da gadaje, da murhun gas, da ɗan wurin wanka, sai dai an ɗora shi bisa tayoyi. Turawa na ce masa karaban, kalmar da ta samo asali daga Farisanci, ma'anarta kuwa ayari, irin na raƙuman da ke zuwa Bilma ɗauko gishiri. A bakin Bature na yau, karaban shi ne tafi-da-gidanka: iyali su maƙala shi a bayan mota, su nufi bakin teku ko gindin duwatsu, su yi mako biyu ko uku suna kwana a ciki.

Ga ɗan ci-ranin da ya tara iyali a Turai, lissafin ba wuya. Kama ɗaki biyu a otal a tsakiyar hutu kuɗi ne mai yawa, alhali ana samun tsohon karaban da sauƙi, kuma a yi shekaru ana morarsa. Sai dai wanda ya shiga wannan harka, musamman a Birtaniya, ba ya daɗewa sai an jefa masa wata tambaya, ko a wurin dillali ko a garejin da ake duba masa karaban ɗin: za a sa maka ɗamarar taya? Abin da ake nufi shi ne wani zoben ƙarfe da ake ɗaurawa a cikin taya, wanda aka ce yana hana ta kwaɓewa idan ta fashe ana cikin gudu. Masu karaban a can sun yi shekaru suna ja-in-ja a kansa. Akwai waɗanda ba sa yarda su ɗauki hanya in babu shi, akwai kuma masu ganin tsohon yayi ne da zamani ya riga ya wuce.

Ba za a gane inda gaskiya take ba sai an san yadda taya ke zama a kan ƙarfenta.

Kwarmin da ke tsakiyar janti

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a Maraɗi ko Damagaram yana kallon yadda ake cire taya, ya ga abin ko da bai lura ba. Ƙarfen da taya ke zaune a kai, wanda makanikai ke kira janti, ba a shafe yake ba. A tsakiyarsa akwai wani kwarmi da ya zagaye shi. Leɓen taya kuwa, wato bakin nan da ke manne da janti, akwai wayar ƙarfe a cikinsa, shi ya sa ba ya miƙewa. Zagayensa bai kai na gefen janti ba, don haka babu yadda za a yi ya shiga sai an danna ɓangare ɗaya ya faɗa cikin kwarmin, sannan ɗaya ɓangaren ya samu sararin tsallake gefe. Ba don wannan kwarmi ba, da mai faci bai iya sa taya ko cire ta.

To, ta ƙofar da taya ta shiga ta nan take fita. Muddin akwai iska a ciki, ita ce ke tura leɓɓan biyu su manne gefe da gefe. Idan iska ta fice babu mai tura su. Ana cikin gudu, nauyi na danne tayar, ga kwana na fizgar ta gefe, sai leɓe ɗaya ya zame ya faɗa kwarmi, ɗaya ɓangaren ya tsallake, taya ta kwaɓe. Daga nan ƙarfe ne tsirara a kan kwalta. Ƙarfe ba ya kama hanya kamar roba, zamewa yake yi, in kuma ya tarar da rami ko bakin kwalta ya kafe, yana iya jefar da abin da yake ɗauke da shi gefe guda.

Aikin ɗamara ɗaya ne tak: ta cike wannan kwarmi. Bayan an sa taya, ana danne gefenta a zura ɗamarar, wadda yawanci ɓari biyu ce na lanƙwasasshen ƙarfe, a haɗa su da noti har su kama janti gam. Kwarmi ya toshe, leɓen taya ya rasa wurin faɗawa. Ko iska ta ƙare ƙaf, robar na nan tsakanin ƙarfe da hanya, aƙalla na ɗan lokaci. Sunan da ya fi fice a wannan kasuwa shi ne Tyron, wani kamfanin Birtaniya da ya fito da irin wannan ɗamara tun ƙarshen shekarun 1970, da farko domin motocin soja da na jami'an tsaro, waɗanda ba za su iya tsayawa canza taya a wurin da aka harbe ta ba. Daga baya ta shigo kasuwar farar hula, har sunan kamfanin ya zama sunan abin, kamar yadda ake kiran kowane garin wanki Omo.

Tayar da ke tsufa a tsaye

Tayar karaban ta fi ta mota shan wahala, ko da yake ido ba ya nuna hakan. Motar gida mai nauyin kilo 1,500 tana raba shi ga tayoyi huɗu. Karaban mai irin wannan nauyi, in mai taya biyu ne kamar yadda akasarinsu suke, kowace taya na ɗauke da sama da kilo 700. A jikin taya akwai lambar da ke faɗin iyakar nauyin da za ta iya ɗauka: lamba 102, alal misali, na nufin kilo 850. Wato duk lokacin da karaban ke kan hanya, tayarsa na aiki kusa da iyakar ƙarfinta. Shi ya sa iskar da ake hura mata ta fi ta mota nesa ba kusa ba. Inda ƙaramar mota ke neman bar 2.2 zuwa 2.5, karaban da yawa na neman bar huɗu ko fiye. Wanda ya hura masa iskar mota bisa sabo, ya fita da taya mai rabin iska ke nan bai sani ba.

Ga kuma zama wuri ɗaya. Mafi yawan karaban na yin watanni a ajiye, hunturu ya wuce a kansu, rana ta doke su, nauyi na danne wuri guda na taya ba motsi. Masu ƙera taya na zuba wasu sinadarai a cikin roba da ke kare ta daga bushewa, kuma juyawa da lanƙwasawa ne ke fito da su saman fata. Tayar da ba ta juyawa ba ta samun wannan. Sai ta bushe, ta fara tsattsagewa a gefe da tsakanin zane, alhali zanen nata na nan raɗau kamar jiya aka saye ta, tunda ba ta yi tafiyar da za ta cinye shi ba. Mai ita ya duba ya ga sabuwa. Ranar da hutu ya zo, a lafta mata kaya, a ɗauke ta kilomita ɗari biyar cikin zafin bazara.

Abu na uku shi ne ya fi ban tsoro: direba ba ya ji. In tayar mota ta sace, sitiyari zai faɗa wa mai tuƙi nan take. Karaban kuwa abin da ya haɗa shi da mota ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin milimita 50. Ƙusa na iya shiga taya tun daga ƙofar gida, iska na fita a hankali, direba na sauraron rediyo, yara na barci a baya. Tayar da iskarta ta ragu tana lanƙwasawa fiye da kima, lanƙwasawa na jawo zafi, zafi kuma na raba roba da zaren ƙarfen da ke cikinta. Abin da ake kira fashewar taya farat ɗaya, sau da yawa ya ɗauki kilomitoci masu yawa yana dahuwa. In ta tarwatse, yagaggen zanen na zama bulala, ya dinga dukan marfin taya da daɓen karaban, wanda galibi katako ne marar kauri, har ya kai ga wayoyin lantarki ko bututun ruwa da ke wajen.

Doka ma ba ta cika sa ido a nan ba. A Birtaniya mota na zuwa binciken lafiya na shekara-shekara, wanda suke kira MOT, amma karaban ba ya zuwa. A Faransa ma ba a tilasta wa ƙananan karaban irin wannan bincike ba. Jamus ce ke neman a kai shi duk shekara biyu. A watan Satumban 2012 wata babbar motar fasinja da ke dawowa daga bikin kiɗa ta yi hatsari a kan hanyar A3 a yankin Surrey na Ingila, mutum uku suka mutu, bincike kuma ya nuna tayar gabanta da ta fashe ta haura shekara 19. Wannan ne ya kai ga dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2021, wadda ta hana sa taya mai fiye da shekara goma a gaban manyan motocin kaya da na fasinja. Dokar ba ta shafi karaban ba. Abin da ake nema daga gare shi shi ne zurfin zane na milimita 1.6, ma'aunin da tsohuwar tayar karaban ke ci cikin sauƙi ko ta ruɓe. A ƙara da cewa tun ranar 16 ga Disamban 2021, mai lasisin ƙaramar mota a Ingila, Scotland da Wales na iya jan tirela mai nauyin har kilo 3,500 ba tare da wata jarrabawa ta daban ba. Sabbin hannu sun samu hanya, mai duba musu taya kuwa babu sai su kansu.

Abin da masu ɗamara ke cewa

Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma tana da ƙarfi. Komai kulawar mutum, bai isa ya hana guntun ƙarfe ko ramin hanya yaga masa taya ba. Idan hakan ta faru ana gudun kilomita 90 a awa, daƙiƙu kaɗan na farko su ne komai. Karaban mai taya biyu da ya rasa ɗaya zai karkata, in kuma ya fara lilo dama da hagu yana iya rinjayar motar da ke jansa. Roba, ko yagaggiya ce, ta fi ƙarfe tsirara kama kwalta, kuma birkin wannan ɓangare zai samu abin da zai yi aiki a kai. Abin da mai ɗamara ke saye da kuɗinsa shi ne wannan ɗan lokaci: ya rage gudu a natse, ya lallaɓa zuwa wurin da zai tsaya.

Maganar wurin tsayawa ta ƙara nauyi a Ingila saboda wasu manyan hanyoyi da aka mayar da gefensu na tsayawar gaggawa layin tafiya domin rage cunkoso. A kan irin waɗannan hanyoyi, wanda motarsa ta lalace sai ya kai wani keɓaɓɓen wuri da aka shafa wa launin ruwan goro, kuma a wasunsu an gina wuraren ne da tazarar da ta kai kilomita biyu da rabi a tsakaninsu. Ƙorafin jama'a ya sa gwamnati ta soke gina sababbi a watan Afrilun 2023, amma waɗanda aka riga aka gina suna nan ana bin su. Mutumin da ya tsaya da mota da karaban, tsawonsu ya haura mita goma, a layin da manyan motoci ke kwararowa, ga mata da yara a ciki, zai so a ce yana da abin da zai kai shi kilomita ɗaya gaba ko da jan ciki ne.

Wasu kamfanonin inshorar karaban a Birtaniya na ɗan rage kuɗi ga wanda ya sa ɗamara. Ragin ba mai yawa ba ne, amma masu goyon baya na kafa hujja da shi, suna cewa mai inshora ba ya rage sisi a kan abin da bai ga amfaninsa ba. Kuma abu ne da ake saye sau ɗaya. In an canza taya ana mayar da ita.

Abin da masu suka ke cewa

Na farko, suna cewa janti ya canza. Na zamani na da ɗan tozo da aka ƙera a jikinsa, tsakanin mazaunin leɓen taya da kwarmi. Wannan tozo ne ke sa a ji ƙara kamar harbi idan mai faci na hura sabuwar taya: leɓen ne ke tsallake shi ya zauna. An yi shi ne musamman domin ya hana leɓe zamewa cikin kwarmi idan iska ta ragu. Wato rabin aikin da ake sayen ɗamara dominsa, janti mai kyau ya riga ya zo da shi daga masana'anta. Masu ɗamara na mayar da martani da cewa tozo na riƙewa ne zuwa wani lokaci, ba ya toshe kwarmi, kuma wannan gaskiya ne. Amma tazarar da ke tsakanin mai ɗamara da marar ita ta ragu a kan yadda take shekaru arba'in da suka wuce.

Na biyu, ɗamara ba ta hana taya fashewa, ba ta kuma hana ta tarwatsewa. Leɓe kawai take riƙewa. Zanen da ya yage zai yi dukansa a daɓen karaban ko akwai ta ko babu. Akwai ma masu cewa tana iya ƙara ɓarna, domin karaban da ke ci gaba da tafiya lami lafiya a kan matacciyar taya ba ya ankarar da direba, sai wani mai wucewa ya yi masa fitila ko ya hango hayaƙi a madubi.

Na uku shi ne wahalar ranar canji. Taya mai ɗamara ba ta cirewa sai an kwance ɗamarar tukuna, kuma kwance ta na buƙatar ɗan sifana na musamman da ke zuwa tare da ita, mayar da ita kuma na buƙatar abin danne gefen taya da ba kowane gareji ke da shi ba. Mai gyaran da bai san tana ciki ba, in ya ɗora janti a kan injin cire taya ya matsa, yana iya lalata tayar, ko ɗamarar, ko injin kansa. Shi ya sa ake manna wata ƴar takarda a jikin janti domin gargaɗi. Wasu garejin na karɓar ƙarin kuɗi, wasu ma su ce ba za su taɓa ba. A Ingila, inda aka saba da ita, ana samun mafita. Wanda ya tsallaka da karaban ɗinsa zuwa wani ƙauyen Faransa ko Spain ranar Asabar da yamma, yana iya cin karo da mai gyaran da bai taɓa ganin irinta ba.

Akwai kuma wani hatsari da mutane kan rikita da fashewar taya: ficewar ƙafar gaba ɗaya, janti da taya, saboda notoci sun kwance. Wannan na faruwa da karaban, musamman bayan an cire ƙafa an mayar a wurin gyara. A nan ɗamara ba ta da ta cewa, za ta bi ƙafar ne su tafi tare.

Abin da ke hana muhawarar ƙarewa shi ne kowa da labarinsa guda. Wanda tayarsa ta fashe yana da ɗamara ya tsaya lafiya, zai rantse ita ce ta cece shi. Maƙwabcinsa da tasa ta fashe babu ɗamara, shi ma ya tsaya lafiya, zai ce ai ga shi nan. Babu wanda ya gwada hanya biyu a rana ɗaya da gudu ɗaya. Hotunan bidiyo da ake nunawa na gwaji kuwa, galibi masu sayarwa ne ke shirya su, kuma mai koko bai taɓa cewa kokonsa ya yi tsami ba.

Ina ya kamata kuɗin ya fara zuwa?

Ga wanda aljihunsa ke da iyaka, kuma ɗan ci-rani mai aika kuɗi gida duk wata ya san wannan iyaka, tambayar da ta fi amfani ita ce me za a fara saye. A nan amsar ba ta da ruɗani: taya tukuna.

Babbar ƙungiyar masu karaban ta Birtaniya, Caravan and Motorhome Club, wadda aka kafa tun 1907, na ba da shawarar a canza tayar karaban idan ta kai shekara biyar, kuma kada a yi amfani da wadda ta wuce bakwai komai kyawun zanenta. Jamus ta sa abin a doka ta wata fuska: mai jan karaban a can gudunsa kilomita 80 ne a awa, wanda ke son izinin yin 100 a babbar hanya kuwa, cikin sharuɗɗan akwai cewa tayoyin karaban ɗin kada su kai shekara shida. Sanin shekarun taya ba ya buƙatar makaniki. A gefenta akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, a ƙarshensu lambobi huɗu. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000. Wannan karatu na da amfani har a kasuwannin Yamai da Maraɗi, domin tayoyin hannu da ake saukewa daga Turai duk suna ɗauke da wannan lamba, kuma mai saye ya fi kallon zane a kan shekaru. Sa ɗamara a cikin taya mai shekara tara kamar sa ƙofar ƙarfe ne a ɗakin da gara ta cinye azararsa.

Bayan taya sai na'urar da ke auna iska ana cikin tafiya. Ƴan ƙananan abubuwa ne da ake murɗawa a kan bawul, wato bakin da ake hura iska, suna aika adadin iska da zafin taya zuwa wani ɗan allo a gaban direba, su yi ƙara idan abu ya canza. Amurka ce ta fara tilasta irin wannan na'ura a motoci, bayan mace-macen da aka danganta da tayoyin Firestone a kan motocin Ford Explorer, abin da ya haifar da dokar shekarar 2000. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan dukan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014, sannan daga Yulin 2024 ta haɗa da manyan motoci da tirelolin da suka wuce tan uku da rabi. Karaban bai kai wannan nauyi ba, don haka an bar wa mai shi zaɓi. Bambancinta da ɗamara a fili yake: ita tana magana tun ƙusa na sace iska, lokacin da tsayawa a tashar mai zai wadatar, ɗamara kuwa ba ta fara aiki sai mai faruwa ta faru. Gaskiya ne na'urar ba za ta yi komai ba idan ƙarfe ya yaga taya farat ɗaya, amma irin wannan bai kai sacewar iska a hankali yawa ba. A karaban mai taya huɗu ma ta fi zama dole, domin ɗaya na iya mutuwa ƴar'uwarta ta ɗauke nauyin biyu shiru, har ita ma ta bi ta.

Sauran abubuwan ba sa cin kuɗi, kula suke ci. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da ke cikin littafin karaban. A duba notocin ƙafa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri kafin doguwar tafiya, a kuma sake dubawa bayan kilomita talatin zuwa hamsin idan an cire ƙafa an mayar. A ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, daidai saitin tayoyi, ba can baya ba, domin nauyin baya ne ke jawo lilo. Ƙungiyoyin masu karaban na shawartar sabon hannu da kada nauyin karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar da ke jansa. Iyakar gudu a Birtaniya ga mai jan tirela mil 60 ne a manyan hanyoyi, kimanin kilomita 96, da mil 50 a hanya mai layi ɗaya kowane ɓangare. A Faransa, in jimillar nauyin da aka yarda wa mota da abin da take ja ya haura tan uku da rabi, kilomita 90 ne a babbar hanya. In kuma taya ta fashe duk da haka, abin da ake koya wa direba shi ne ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ya taka birki da ƙarfi, ya bar gudu ya mutu da kansa.

Wanda ya gama da duk waɗannan, kuma akwai saura a aljihunsa, ɗamara ba asara ba ce. Ta fi dacewa da mai karaban mai taya biyu, mai yawan doguwar tafiya a manyan hanyoyi, musamman waɗanda ba su da gefen tsayawa, ko wanda jantinsa tsohon ƙira ne marar tozo. Mai karaban mai taya huɗu da janti na zamani da na'urar auna iska, wanda tafiyarsa ba ta wuce awa biyu daga gida, yana iya barin ta ba tare da ya ji ya yi sakaci da iyalinsa ba.

Mai sayen tsohon karaban kuma ya tuna cewa yana iya gadon ɗamara bai sani ba, tunda daga waje ba a ganin ta. Ya duba jikin janti kusa da bawul ko akwai takardar gargaɗi, ya tambayi mai sayarwa, in akwai ya karɓi sifanan kwancewa tun kafin ya biya, ya ajiye shi cikin karaban ɗin, ba a gida ba. Ya leƙa tayar ajiya ma, wadda a karaban da yawa take rataye a ƙarƙashi cikin laka da gishirin hunturu: sau da yawa ita ce mafi tsufa a cikin tayoyin, kuma akasari ba a sa mata ɗamara.